Cinikin Biri a Sama: Tsohuwar Kamarar da Aka Hana Ka Gwadawa

Akwai wata magana da ta ci jarin samari masu neman abinci da ɗaukar bidiyo fiye da yadda ɓarawo ya ci, ita ce "haka ta zo". Ka je sayen kamara irin ta ma'aikatan talabijin, babba, ta saɓawa a kafaɗa, wadda ta gama aikinta a Faransa ko Jamus ko Japan, aka loda ta a kwantena ta sauka Kwatano ko Lome ko Ikko. Ka ce, "Alhaji, ina cajarta?" Ya ce haka ta zo. Batir fa? Haka ta zo. Littafinta? "Haka ta zo, samari, amma lafiyarta lau, Bature ne ya yi aiki da ita." Ka ce to a kunna in gani, sai a ɓata rai a ce maka irin wannan ba a gwada ta, in ka saya ka saya, in ta tashi sa'arka, in ba ta tashi ba ƙaddara. Wannan ciniki sunansa cinikin biri a sama. Ban yarda da shi ba, ban kuma yarda da uzurin da aka ɗora shi a kai ba.

Uzurin shi ne wai tunda babu littafi, babu wanda ya san irin wutar da take ci, saboda haka gwada ta kasada ce. Na daɗe a wannan sana'a, na riƙe kamarori da yawa waɗanda ban taɓa ganin ko bangon littafinsu ba, kuma ina faɗa da babbar murya: kamarar ƙwararru ana iya ba ta wuta a gwada ta cikin awa ɗaya ko biyu ba tare da takarda ko guda ba, muddin akwai mitar gwajin wuta da ido da haƙuri. Wanda ya ce maka ba ta gwaduwa, ɗayan biyu ne. Ko dai ya riga ya gwada ya ga abin da ba ya so ka gani, ko kuwa ganda ce ta hana shi sanin hajar da yake sayarwa. Na farkon ha'inci ne tsagwaronsa. Na biyun ma bai wanku ba, don ba kai ya kamata ka biya kuɗin gandarsa ba.

Dalilin da ya sa nake da wannan tabbaci shi ne yadda aka ƙera kamarorin tun farko. An yi su ne domin ɗan jaridar da zai sauka wata ƙasa da tsakar dare, batirinsa ya mutu, ya ari na abokin aikin da ke riƙe da kamarar wani kamfani dabam, ya ci gaba da aiki. Shi ya sa kamfanonin suka daidaita abubuwa da yawa, kuma suka rubuta abin da ya fi muhimmanci a jikin kamarar kanta. Juya ta ka duba ƙarƙashinta ko bayanta, za ka ga ɗan allo mai ɗauke da lambar samfurinta, da bolt nawa take so, sau da yawa har da wat nawa take ci. Manyan na kafaɗa, ko na Sony ne, ko Panasonic, ko JVC, ko Ikegami, kusan dukkansu suna da wata kafa a baya da aka rubuta DC IN a kanta, mai haƙora huɗu, irin wadda ake kira XLR. Haƙori na 1 shi ne na alamar ragi, inda baƙar waya take zuwa. Haƙori na 4 shi ne na alamar ƙari, inda jar waya take zuwa. Biyun tsakiya galibi ba su da aiki. Lambobin nan an zana su ƙanana a gefen haƙoran, sai dai ka haska tocila ka gani. Wutar kuwa bolt 12 ce, kuma yawancinsu suna karɓar daga 11 zuwa 17, saboda batiran da ake maƙala musu a baya bolt 14.4 ne. In kana tantama, sa mita: ɗora tsinke ɗaya a haƙori na 1, ɗayan a ƙarfen da ya kewaye kafar fitar hoto, a mafi yawansu mitar za ta yi ƙara, alamar nan ne ƙasa. Wannan duka bai kai minti biyar ba. To ina littafin ya shigo?

Sauran lissafi ne na ƴan firamare. Ka raba wat da bolt, ya ba ka amfa. Kamarar da ke cin wat 24 a kan bolt 12, amfa 2 take ja. Ka samo mata abin ba da wuta mai amfa 4 ko 5, ka huta. A nan ne mutane da yawa suke rikicewa, suna tsoron yawan amfa zai ƙona ta. Ba ya ƙonawa. Amfa kamar ruwan randa ne, kamarar tana ɗibar abin da take buƙata ta bar saura. Abin da ke kashe ta shi ne bolt ɗin da ya wuce ƙa'ida, da kuma juya waya, a kai ja wurin baƙa.

Ƙananan na riƙewa a hannu dabam suke, kuma a nan ake yawan asara. Sony DSR-PD150 da ta fito a 2000, da ƙanwarta PD170, da HVR-Z1, waɗanda suka yi tashe a hannun masu shirya fina-finai da masu ɗaukar biki daga Kano har Maraɗi da Damagaram, batirinsu bolt 7.2 ne, cajarsu kuma 8.4 take bayarwa. Ka ba irin wannan bolt 12 don ka ji an ce kamarar ƙwararru 12 take ci, ka yi mata sallar gawa. Abin dariyar shi ne waɗannan su suka fi sauƙin gwadawa, domin batirin da suke amfani da shi, wanda ake kira NP-F, har yau cike yake da kasuwa, shi ake sa wa ƙananan fitilun ɗaukar hoto. Duk ɗan kasuwar da ya ajiye PD170 a kanta ya ce ba shi da abin da zai kunna ta, to ka sani bai so ba ne.

Kada ƴan kasuwa su ce na tasa su gaba su kaɗai. Akwai mai laifi na biyu, kuma a cikinmu yake. Shi ne gwanin "a sa mata wuta mu gani". Ana kawo kamara sai ya jawo akwatin tarkacen caja, ya yi ta gwada baki, duk wanda ya shiga ya tura. Shigar baki ba ita ce dacewar wuta ba, jama'a. Cajar laftof bolt 19 take bayarwa, wasu ma sun ɗan haura. Faifan sola da aka rubuta 12 a jikinsa, in rana ta take kuma ba a ɗora masa komai ba, yana kai 20 har ya wuce. Ƴan ƙananan adafta masu araha, masu nauyin ƙarfe a ciki, sukan ba da fiye da abin da aka rubuta musu. Na taɓa tsayawa a wata rumfar gyara ina kallo aka feɗe waya aka cusa ta cikin kafar wata kamara da tsinken ashana, babu mita, babu tambaya, aka juya ja da baƙa. Ƙara ɗaya ta yi, ƴar siririya, sai wari. Mai gyaran ya ɗago ya dubi yaron da ya kawo ta ya ce, "Ai dama matacciya aka sayar maka." Yaron ya yi godiya, ya biya kuɗin dubawa, ya tafi yana tsine wa ɗan kasuwa. Sau nawa aka yi haka a garuruwanmu, sannan a koma ana cewa kayan Turai ba sa jure zafinmu?

Ko da kamarar ta zo da cajarta ta asali, karanta kafin ka soka ta a bango. Wutar gidajenmu bolt 220 zuwa 230 ce. Ta Amurka 120, ta Japan 100. In an rubuta 100–240 a jikin cajar, babu damuwa. In kuwa ta wutar Amurka ko Japan ce kaɗai, kuran ɗinmu zai cinye ta kafin ka ƙifta ido.

Hanyar da ta dace ba ta da tsada. Masu gyaran waya da laftof da yawa suna da akwatin ba da wuta wanda ake murɗa bolt ɗinsa yadda ake so, ake kuma iyakance amfar da zai bari ta wuce. Da shi ya kamata a fara. A saita bolt, a tabbatar da mita, a iyakance amfa kaɗan sama da abin da lissafi ya nuna, makunnin kamarar yana kashe, sannan a haɗa. In allurar amfa ta yi tsalle tun ba a kunna ba, akwai gajeriyar hanya a ciki, a cire nan take. In babu wannan akwati, batirin babur ko na mota da aka sauke daga jikin motar ya isa ga manyan, da sharaɗin a sa fis mai amfa 3 zuwa 5 a kan jar waya. Fis ɗin da bai kai kuɗin shayi da burodi ba shi ke tsakaninka da asarar jika ɗaruruwa. In an kunna shiru, kada a yanke hukunci tukuna. Da yawa daga manyan Sony suna da wani ɗan maɓalli da aka rubuta BREAKER a kusa da shi, wanda ke katse wuta in an yi mata lodi, danna shi kawai ake yi ta dawo. Kuma a yi aiki da hanci. Kamarorin ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 suna da wata sananniyar cuta, ƙananan kafasitocinsu sukan tsiyaye a kan allon wuta, in ta ɗumama sai ka ji ƙarni kamar na kifi. Wadda ke wannan ƙarnin, ko ta kunnu yau, kwananta ƙidayayyu ne.

Yanzu a ce ta kama, fitila ta kawo. A nan ɗan kasuwa zai washe baki ya ce ka gani, kawo kuɗi. Kar ka kawo. Kamawar wuta sallama ce kawai, ba a shiga gaisuwa ba.

Abu na farko, fitar da hoton zuwa talabijin. Ɗan madubin leƙawa na tsofaffin kamarori yakan mutu alhali kamarar na da rai, wani lokaci kuma ƙanƙantarsa takan ɓoye aibi. Akwai kafar VIDEO OUT, da ɗan ƙarfen haɗi mai araha za ka kai ta bakin talabijin mai launin rawaya. A gefen kamarar akwai makunni mai BARS da CAM. Kai shi BARS: in sandunan launi suka fito tsaf, babu rawa, babu dishi-dishi, rabin kayan cikinta na da lafiya. Sannan ka mayar CAM. In ka ga baƙi ƙirin, duba abu biyu kafin ka ce ta mutu: zoben buɗe ido na jikin lens, ko yana kan harafin C, wato a rufe, da kuma ƴar ƙafar tace haske da ke gaba, ko an bar ta kan lambar da ake sawa a tsakar rana alhali kuna cikin rumfa mai duhu. Na san kamarori masu lafiya da aka sayar a kuɗin tarkace saboda waɗannan biyun, kuma ba na jin tausayin wanda ya sayar, tunda shi ya ƙi koyo.

Sai maganar da ake yawan tsallakewa, wato daga wace ƙasa ta fito. Amurka da Japan tsarin NTSC suka bi, hoto kusan 30 a daƙiƙa. Mu nan 25 ne: Nijar ta watsa talabijin da SECAM, Najeriya da Ghana da PAL, amma duka layi 625 ne, kuma wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa. Kamarar NTSC a ƙarƙashin dogayen fitilun ɗakin taro sai hoton ya riƙa ƙyafƙyafta, sai wanda ya san ya kai gudun ɗauka 1/100 zai tsira. Sony takan ƙara harafin P a ƙarshen lambar waɗanda aka yi wa ƙasashen PAL, kamar PD170P. Harafi ɗaya ne a kan allon nan da ke ƙarƙashinta, amma ya isa ya canza farashi, kuma ɗan kasuwar da ya san haka ba zai nuna maka ba.

Idon kamarar kuwa gwajinsa cikin duhu ake yi. Rufe lens da murfinsa, kai makunnin GAIN ƙarshe, ka matso kusa da talabijin. Duk wani ɗigo fari ko ja ko shuɗi da ya tsaya wuri ɗaya, mataccen ɗigo ne, kuma zai zauna a goshin kowace amarya da ka ɗauka. A wasu kamarorin, in ka danna makunnin daidaita baƙi sau biyu ko uku yakan ɓoye shi. In ya ƙi ɓoyuwa, ya zama maganar ragin kuɗi. Bayan nan buɗe murfi, nuna mata farar takarda, daidaita fari, ka ga ko farin ya fito fari. Waɗannan kamarori idanu uku gare su a ciki, na ja da kore da shuɗi, in ɗaya ya raunana duk hoton sai ya rine. Lens ɗin ma ka cire shi in mai ciruwa ne, ka haska tocila ta baya. Abin da ya yi kama da saƙar gizo a cikin gilashi, fumfuna ce da ya kwaso a ɗakin ajiya mai laima ko a cikin kwantena a bakin teku, kuma goge waje ba ya fitar da ita. Ka jawo abu mai nisa kusa, ka daidaita shi ya fito sarai, sannan ka ja baya a hankali. In ya dushe a hanya, akwai zoben gyara a gindin lens, a gwada shi. In an gyara bai gyaru ba, lens ɗin ya taɓa faɗuwa.

Inda kuɗi suka fi nutsewa shi ne wurin kaset. Nan ne ƙarfe ke gogar ƙarfe, roba ke tsufa, ƙurar hunturu ke shiga ta zauna. Abin da yawancin masu saye ba su sani ba, kamarar ƙwararru tana riƙe da lissafin aikinta da kanta, kamar mitar tafiyar mota. A cikin menu na PD150 da PD170 akwai wurin da ke nuna awannin da ta yi a kunne, da awannin da gangar hed ta yi tana juyawa, da na tafiyar zare, da sau nawa ta ɗaura kaset. Lambobin a goma-goma ake ƙirga su, wato in ka ga 85 a wurin ganga, awa 850 ke nan. Wannan shaida ce da ba ta karɓar cin hanci. Duk rantsuwar "Bature bai yi wani aiki da ita ba" a nan take karyewa. Sannan ka zo da kaset ɗin da ba ka jin asararsa, kada ka kuskura ka sa na bikin wani, don kamarar da ba ka sani ba tana iya tauna zare. Ɗauki minti goma, da motsi da magana, ka mayar ka kalla. In hoton yana farfashewa gida-gida ko yana fitowa da ratsi, ko hed ya yi datti ko ya cinye. Ƙananan Sony ma sukan faɗi ciwonsu da kansu: C:21 laima ce, C:22 dattin hed, C:31 da C:32 kuwa matsalar injin ɗaura kaset. Datti yana fita da kaset ɗin wanki na daƙiƙa goma. Abin da ba a yi shi ne a tura auduga mai tsinke a kan hed, zarenta yakan maƙale ya karya shi. In da hali, kai kaset ɗin da ka ɗauka a kunna a wata na'urar, domin akwai kamarar da ita kaɗai ke iya karanta rubutunta.

Tambaya ta ƙarshe da ya kamata ta zama ta farko: in ka ɗauka, ta ina hoton zai shiga kwamfuta? Kamarorin DV da HDV ta wayar FireWire suke fitarwa, wadda Sony ke kira i.LINK, kuma kwamfutocin yau sun daina zuwa da wannan kafa. Kafar kanta mai saurin ƙonewa ce in ana soka ta da wuta a kunne, saboda haka kamarori da yawa na gwanjo sun iso da ita a mace. Ba za ka sani ba sai ka haɗa ka ga kwamfuta ta gane ta. Tsohuwar Betacam ta kafaɗa kuwa sai da babbar na'urar kunna kaset ɗinta, wadda ta fi kamarar wuyar samu. Na zamanin kati, irin Panasonic masu P2 da Sony masu SxS, katin kaɗai yana iya cin kuɗin da bai zo maka a lissafi ba. Ka sa makirfo a kafofin sauti biyun, ka saurara da abin kunne. Kuma ka bar ta a kunne awa guda cur. Yawancinsu an yi su ne su yi aiki zuwa zafi 40, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu mukan wuce nan, kuma akwai cutar da ba ta bayyana sai jiki ya yi zafi.

Shi littafin ma da ake ta kuka da rashinsa, ina ya tafi? Lambar samfurin tana hannunka, waya tana aljihunka. Kamfanonin nan sun zuba littattafan kamarorinsu a intanet kyauta, da Ingilishi da Faransanci. Matsalar gaskiya ita ce yawancin yaran da ke riƙe kamara a bukukuwanmu ba su yi nisa a lakwal ba, shafi ɗari na Faransancin injiniyoyi ya fi ƙarfinsu. Wannan laifinmu ne, mu da muka iya karantawa. Muna da bakin rubuta shafuka a kan soyayya da siyasa, amma har yau ban ci karo da ɗan littafi ko guda da Hausa da ke koya wa yaro bambancin bolt da amfa a bakin kamara ba.

Na san amsar ƴan kasuwa, na sha jin ta. Za su ce su ma a rufe suka saya, dila guda aka yi musu kuɗi, mai rai da matacciya duk a haɗe, to don me su kaɗai za su ɗauki asara? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ku dubi inda ta dosa. Alhajin da ya sayi ashirin a dunƙule, in biyar sun mutu, sha biyar za su fitar da shi. Yaron da ya sayar da babur ɗinsa, ko uwarsa ta sayar da tumakinta, ɗaya tak yake saye. An ɗauke kasadar daga kan mai iya ɗaukarta an jibga wa wanda ba ya iyawa, kuma a farashin mai rai. Ban hana kowa sayar da abin da bai gwada ba. A kira shi da sunansa, a yi masa kuɗin tarkace, shi ke nan. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yin bayanin haƙƙin mai saye na mayar da haja in aibin da aka ɓoye ya bayyana, ba sabon abu na ƙirƙiro ba. Kuma akwai abin da ya fi aljihun mutum ɗaya. A 1991 ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniyar Bamako don hana shigo da shara mai guba nahiyar. Na'urar da ta mutu tun can, aka lulluɓe ta da sunan gwanjo, shara ce da wani ya guje wa kuɗin zubar da ita a ƙasarsa. Muddin muna saye babu gwaji, mu muke biyan kuɗin jirgin da ke kawo mana juji.

Masu saye ma sai sun ji tasu. Rabin wannan bala'i son girma ne. Mai biki yana raina ƙaramar kamara, yana so a gan ka da ƙatuwa a kafaɗa kamar daga gidan talabijin aka aiko ka, kai kuma ka biye masa, ka sayi girma ka bar lafiya. Ranar ɗaurin aure kuwa sau ɗaya ce. Ba a sake hawan sallah don kaset ɗinka ya tauna. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma kullum sai ka ga wanda ya sayi kamara ranar Alhamis ya tafi aiki da ita ranar Asabar.

Wani zai ce duk wannan dogon turanci na mene ne, tunda wayar hannu ta yau ta fi PD170 fitar da hoto? Ta wajen yawan ɗigon hoto gaskiya ne, ba na musu, kuma wanda zai fara sana'a yau ba zan ba shi shawarar kamarar kaset ba. Amma akwai aikin da waya ba za ta taɓa yi ba. Tun daga Turmin Danya a 1990 zuwa shekarun da kati ya kori kaset, fina-finan Hausa, da wasannin kwaikwayon talabijin, da kokawar gargajiya, da wa'azin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, da bukukuwan iyayenmu, a kan zaren kaset aka ɗauke su. Suna nan jibge a kwalaye, zafi da ƙura suna cin su. Ba mai karanta kaset sai na'urar kaset, kuma an daina ƙera su. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti da hoto ta duniya suka yi gangamin gargaɗi cewa na'urorin kunna kaset suna gab da ƙarewa. Saboda haka duk tsohuwar kamarar DV mai lafiyayyen hed da aka ƙona da cajar laftof, an rage mana ƙofa ɗaya ta kwaso tarihinmu, kuma ba za a sake yin wata ba. Ƙasar da ta haifi Mustafa Alasan, wanda ya fara da aikin makanikanci kafin ya yi Aouré a 1962, da Umaru Ganda da ya ciyo babbar kyautar FESPACO a 1972, bai kamata a ce ƴaƴanta suna kashe na'ura da tsinken ashana ba.

Abin da nake nema ƙarami ne. Duk mai sayar da irin wannan kaya ya ajiye tebur ɗaya a shagonsa: akwatin ba da wuta, mita, wayar haƙora huɗu mai fis, batirin NP-F guda, ƙaramar talabijin, da kaset ɗaya. Duka ba su kai kuɗin kamara ɗaya ba, kuma kamarar da aka gwada a gaban mai saye ta fi tsada, shi ma riba ce gare shi. In bai ajiye ba, kai ka zo da naka a jaka, ka ce, "Alhaji, a ba ni soket da awa ɗaya." In ya yarda, ku zauna. In ya ƙi, ka yi masa tayin lens da madubin leƙawa da murfin batir, kowanne da kuɗinsa, gangar jikin kuma a ɗora ta a sikeli.